RASHIN TSARO DA LAHIYAR JAMA'A: MAMATAN DA BA A ƘIDAYAWA

Jawabin da ɗan'uwanmu malamin lakkol ya yi a taron shekara na ƙungiyar ƴan garinmu, nan Tawa. Biro ya ga ya dace a buga shi dukanshi saboda ƴan bida da ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.



Iyayena dattawa, malamai, iyayena mata, shugaban ƙungiya da ƴan biro, ƴan'uwana ƴan bida da kunka zo daga Abijan, da Kotonu, da Lome, da Legas, da Libiya, ina gaishe ku da gajiyar hanya. Ina neman gahwarar magabata, don yaro ba shi tsayawa gaban iyayenshi shi yi dogon zance sai in an sa shi. Biro ne ya sa ni, ni ko ban iya ƙi ba.

Ni ba lokotoro ba ne, ba kuma soja ba. Alli da allo ne aikina. Amma na yi shekaru ina koyarwa a wani ƙauye can arewa kahin a ruhe lakkol ɗinmu a maido ni Tawa, kuma abin da idona ya gani shi zan hwaɗa muku yau. In an kai hari, rediyo na ba mu adadin waɗanda bindiga ta kashe, mu yi musu addu'a. Akwai wasu mamatan da babu rediyon da ke hwaɗin adadinsu: mai ciki da ta mutu kan amalanke, jaririn da zawo ya tsiyaye, tsohon da maganinshi ya ƙare. Su ma rashin tsaro ne sanadinsu, kuma a kansu ne ƙungiyarmu ke da abin yi.

1. ABIN DA YA HWARU A JIHARMU

Bari in tuna muku abubuwa ukku, don kada a ce zancen nesa nike yi.

Ranar 6 ga Oktoba 2016 ƴan bindiga sunka ahwka ma Tazalit, cikin ƙasar Tasara, inda ƴan gudun hijirar Mali ke zaune. Sunka kashe jami'an tsaro 22. Wannan kowa ya ji shi. Abin da mutane da yawa ba su riƙe ba shi ne, kahin su tahi sai da sunka kwashe maganin gidan likita, sunka ƙone ambilans. Ku lura da lokacin. A wannan damina ce zazzaɓin kwarin Rift ya ɓulla a ƙasar Cintabaraden da Abalak, cutar da ke sa bisashe ɓari, ta kama mutum ta hanyar jinin dabba, ko ɗanyen nono, ko cizon sauro. Mutum hiye da 30 ta kashe. Wato daidai sa'ad da yankin ya hi bukatar likita, sa'an nan anka wawashe shi.

Ranar 31 ga Mayu 2020 anka kai hari Intikan, cikin ƙasar Tiliya, inda ƴan gudun hijira wajen 20.000 da ƴan ƙasa da sunka baro garuruwansu wajen 15.000 ke zaune. Mutum 3 anka kashe. Amma maharan sun ƙone abincin taimako, sun lalata sandunan tarho, sun hwasa babban wurin ruwa da bututunshi. Ƙarshen Mayu, kun san zahin da ake yi. Wa ya ƙidaya ɗiyan da sunka sha ruwan tabki bayan nan?

Ranar 21 ga Maris 2021 anka kashe mutum 137 a Intazayen, da Bakorat, da Wistan, da zangunan da ke kewaye da su, bisa ga adadin da gwamnati ta bayar. Waɗanda sunka tsira sun watse, wasu Tiliya, wasu gaba. Kaɗan daga cikin ɗiyan da hare-hare irin wannan sunka koro suna cikin ajina yanzu haka. Allah shi jiƙan waɗanda sunka riga mu.

2. ƘAƘA RASHIN TSARO KE KASHE WANDA BA A HARBA BA

Na hwari, shina ruhe hanya. Tun watan Maris 2017 anka sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara, kuma a wasu wurare an hana yawon moto, saboda da shi maharan ke zuwa. Ba ina kushe dokar ba ne, tana da dalilinta. Amma ku da kanku kun san a ƙauye kabu-kabu shi ne ambilans ɗin talaka.

Zan ba ku labarin da har yau ke hana ni kwana. Uwar wata ɗalibata ta haihu da dare, wajen ƙarhe goma. Ɗa ya zo lahiya, sai jini ya ƙi tsayawa. Ma'aikacin ƙaramin likitanmu ya bar gari tun wata biyu kahin nan, bayan an aiko mashi da barazana, kuma ban ga laihinshi ba. Munka kira mai mota, ya ce ko nawa za a ba shi ba shi hita sai gari ya waye. Shi ma ban ga laihinshi ba. Munka ɗora ta kan amalanke, ni da mijinta da wata tsohuwa. Ba mu ci rabin hanya ba ta cika. Daga baya wata ungozomar likita ta ce mani zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa 2 in ba a tsaida shi ba, alhali maganin da ke tsaida shi ba shi da tsada. Wagga mata ba ta taɓa ganin ɗan bindiga da idonta ba. Yarinyar ta bar lakkol, tana renon ƙanenta.

Na biyu, shina tsaida lamba, wato allurar rigakahi. Maganin lamba shina son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, daga Yamai har hannun yaro. Shina son firigo mai aiki, da mota, da esansi, da ma'aikaci mai iya shiga zango-zango. In ɗaya daga cikin waɗannan ya yanke, ɗiyan wannan shekara sun tashi ba kariya. Ba a ganin abin nan take, sai bayan shekara ɗaya ko biyu, in dusa (ƙyanda) ta shigo. Yaro guda mai dusa na iya harbin yara 12 zuwa 18 cikin waɗanda ba a yi ma lamba ba, shi ya sa likitoci ke cewa sai an yi ma yara 95 cikin 100 kahin gari shi samu kariya.

Ku dubi abin da ya hwaru ga maƙwabtanmu. Najeriya ta yi shekara 2 ba a ga shan inna na asali ba, har an hwara murna. Sai ga shi cikin Agusta 2016 an same shi a jihar Borno, a Gwoza da Jere. Da anka bincika, anka gane ƙwayar cutar ta yi shekaru tana yawo a ɓoye cikin yankunan da yaƙin Boko Haram ya hana masu lamba shiga. Sai ranar 25 ga Agusta 2020 ne anka iya shelar cewa Afirka ta rabu da wannan iri na shan inna. Inda likita bai iya shiga, cuta na shiga ta yi zamanta.

Na ukku, shina tara mutane wuri guda inda ruwa da salga ba su isa ba. Rijiyar da ke shayar da gida ɗari ta wayi gari tana shayar da gida ɗari ukku da garkunansu. Daga nan zawo ke tashi, da kwalara. A 2021 kwalara ta kama mutum hiye da 5.000 a Nijar, ta kashe hiye da 150, kuma jihar Tawa na cikin waɗanda ta taɓa. Iyayena, ku kun hi ni sanin wannan. Kun ga hwarin 1973 da 1974, kun ga na 1984. Kun sha ba mu labari cewa a wuraren da mutane sunka taru neman tsaba, dusa da zawo ne sunka yi ta ɗibar ɗiyan da yunwa ta riga ta raunana. Abin da hwari ya yi jiya, shi bindiga ke yi yau.

Na huɗu, shina kawo yunwa. Gonar da ke nesa da gari an bar ta. Bisashe an kore, ko an karɓe da sunan zakka wadda ba ta shari'a ba. Kasuwa ta mutu, tiyar hatsi ta hau. Gidan da saniya ta tahi, nono ya tahi, sai tamowa ta shiga. Yaro mai tamowa ko, masassarar da ɗan'uwanshi ƙosasshe zai sha kwana ukku shi tashi, shi ita ke tahiya da shi. Kuma maganin rigakahin masassara da ake rabawa gida-gida ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata cikin damina, ba shi isa garin da masu rabo ke tsoron shiga.

Na biyar, shina yanke maganin masu doguwar jinya. Mai tarin huka sai ya sha magani wata 6 ba hwashi. In ya tsaya tsakiya, ciwon na iya dawowa da taurin da maganin hwari ba shi iya mashi, kuma shi shahwa ma iyalinshi. Haka mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai sida. Mu mazauna Tawa ma mun ɗanɗani wani abu mai kama da haka lokacin da CEDEAO ta sa ma ƙasarmu takunkumi daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa 24 ga Fabrairu 2024: iyakoki sun ruhe, wutar lantarki ta yi ƙaranci, wasu magunguna sun ɓace daga kanti. Abin da munka sha wata bakwai, wasu ƴan'uwanmu na arewa sun yi shekaru suna shan irinshi.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. Ina da ɗalibi wanda in moto ya wuce bayan aji sai shi shige ƙarƙashin tebur. Akwai matan da ba su kwana, akwai samarin da sunka koma ga ƙwaya don su manta. Kada mu yi gaggawar cewa iskoki ne ko lalaci. Firgita ciwo ce, tana son haƙuri, da addu'a, da mai sauraro, wani sa'in har da likita.

Wanga abu ba a ƙasarmu kaɗai anka gan shi ba. A Kongo ta Kinshasa, wani bincike na ƙungiyar IRC ya ƙiyasta mutum miliyan 5,4 sun mutu sanadin yaƙi tsakanin 1998 da 2007. Masana sun yi gardama kan yawan adadin. Amma abin lura cikin binciken shi ne, waɗanda makami ya kashe ba su kai 1 cikin 10 ba. Sauran masassara ce, da zawo, da ciwon haƙarƙari, da tamowa.

3. ZANCEN BAƘI DA RIJIYA

Yanzu na iso inda nike roƙon a yi mani haƙuri. Na ji, kuma ku ma kun ji, cewa a garinmu an yi ka-ce-na-ce kan baƙin da sunka sauka bayan gari. Wasu sun ce a hana su rijiya don suna kawo ciwo. Wasu sun ce ba a san ko su wane ne ba. Ban raina tsoron kowa ba, ni ma na san tsoro. Zancen tantance baƙo na maigari ne da hukuma, a bi da shi ta nan. Amma zancen ciwo, ku bar ni in ce kuskure ne.

In munka hana su rijiya, tabki za su sha. In zawo ya kama su, ƙudan da ya sauka can shi ke sauka kan hurarmu. Ɗiyansu da namu kasuwa guda suke ci, makarantar allo guda suke zama. Dusa ba ta tambayar yaro ko Ba'adare ne, ko Buzu, ko Bahillace. Hanya guda ce ke kare ɗiyanmu: a yi ma nasu lamba kamar yadda ake yi ma namu, su sha ruwan da muke sha. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shahwa ma naka ruwa.

Ku kuma ƴan bida, wa ya kai ku sanin baƙunci? Wane ne cikinku bai taɓa kwana a tashar wata ƙasa ba, ana kallonshi da zargi? Da yawa cikinku kun gudo daga Kodebuwa lokacin rikicinta, wasu kun gudo daga Libiya a 2011 da rigar wuyanku kaɗai. Wanda ya ba ku ruwa ran nan, kun manta da shi?

4. ABIN DA NIKE ROƘON ƘUNGIYA

Tsaron ƙasa aikin hukuma ne da sojojinmu, Allah shi taimake su. Mu ba mu da bindiga kuma ba mu neman ta. Amma tsakanin mara lahiya da magani akwai tazara, kuma wagga tazara muna iya rage ta da kuɗinmu da haɗin kanmu. Na san an kawo shawarar a sa kuɗin kes na bana wajen gina zauren taro. Zaure abu ne mai kyau, amma mun yi shekaru muna taro ƙarƙashin icce ba wanda ya mutu. Ina roƙon a jinkirta shi shekara guda, a sa kuɗin cikin abubuwa shida.

Ɗaya. A ware kes na gaggawa, dabam da na biki da na rasuwa, mai riƙon shi mutum biyu, namiji da mace, mazauna gari. A daidaita da masu mota biyu tun yanzu kan kuɗin kai mara lahiya CSI ko babban asibitin Tawa, a aje musu esansi, don kada a tsaya ciniki da mai naƙuda kwance. In kowane ɗan bida ya sa jika ɗaya a wata, ya wadatar.

Biyu. Mai cikin da ta shiga wata na tara, musamman mai cikin hwari, da wadda ta taɓa shan wuyar haihuwa ko anka yi ma aiki, da wadda ƙahwahunta ke kumburi, a kawo ta kusa da gidan haihuwa tun kahin naƙuda. Mu mazauna Tawa mu ba da ɗaki. Ni na ba da nawa guda, na shawarci uwargidana ta yarda. Iyayena maza, izini na hannunku. Ba a hwahe gora ranar tahiya.

Ukku. A rubuta sunan kowane yaro da bai kai shekara 5 ba, na gari da na baƙi, a duba karnenshi. Ƙa'ida ita ce lamba ranar haihuwa, sa'an nan a mako 6, da 10, da 14, sai ta dusa a wata 9, da ta biyu cikin shekararshi ta biyu. Wanda ya tsallake, a kai sunanshi ga majo na CSI. Ganin likita ga yaro ƙasa da shekara 5 kyauta gwamnati ta maida shi tun 2006, ko da yake wani sa'in magani kan yanke. Ni da manyan ɗalibaina mun ɗauki wanga aiki lokacin hutu. Kowane uba kuma shi ɗauki hoton karnen ɗanshi cikin waya, don mai gudu ba shi tsayawa neman takarda.

Huɗu. A gyara pampon da ya lalace, a sayi kayan canji a aje, a koya ma samari biyu gyaranshi. A tsara awoyin ɗibar ruwa da na shayar da bisashe, har da baƙi, don a kashe hwaɗa tun kahin ta tashi. Lokacin zawo a sa ƙwayar tsabtace ruwa cikin bido, ko a tahwasa na sha.

Biyar. Kowace unguwa ta samu mace guda da likita ya koya ma abu biyu. Na hwari haɗa ruwan gishiri da sukari: in babu na leda, litar ruwa mai tsabta guda, ƙaramin cokali 6 na sukari a shahe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan ana neman hanyar likita. Na biyu awon dantsen yaro da ɗan zaren nan mai launi ukku. In ya nuna ja, kada a jira kasuwa ta zagayo. Ku kuma ƴan bida, ku daina aiko da ƙwayoyin bakin titi da ba a san asalinsu ba. Ku aiko kuɗin, a sayi abin da likita ya rubuta.

Shida. Mu riƙe ma'aikacin lahiyarmu kamar ɗanmu. Mu ba shi masauki cikin gari, mu tura mashi tuwo. Aikinshi shi duba duk wanda anka kawo mashi, kada mu sa shi cikin zancen ɓangare, kada mu yaɗa jita-jita a kanshi. A Kano, cikin Fabrairu 2013, an harbe masu allurar shan inna 9, bayan shekaru ana yaɗa ƙarya kan allurar. Saƙon WhatsApp da ba ka san tushenshi ba, kai da ke Abijan, kada ka tura shi gida. Kai kana kwance lahiya, tsohuwarka ce za ta hana a yi ma jikanta lamba.

5. RUHEWA

Iyayena, na san rai da ajali na hannun Allah. Amma malamanmu da ke zaune nan sun koya muna cewa neman magani na cikin addini, kuma wanda ya ce a dogara shi ya ce a ɗaure raƙumi. Ban san ranar da wagga hitina za ta ƙare ba. Mun ga ta shekarun 1990 ta ƙare da sulhun 24 ga Afrilu 1995, muna roƙon Allah shi kawo ƙarshen wagga ita ma. Abin da nike so shi ne, ran da ta ƙare, mu ƙidaya ɗiyanmu mu tarar suna nan, na gari da na baƙi.

Ina roƙon shugaba shi sa waɗannan abubuwa shida a ƙuri'a yau kahin mu watse, ɗaya bayan ɗaya, sakatare shi rubuta sunan wanda ya ɗauki kowane. Inda na yi kuskure dattawa su gyara mani, inda na yi tsauri a yahe mani.

Allah shi ba ƙasarmu zama lahiya, shi ba marasa lahiya sauƙi, shi maida ƴan bida wurin nemansu lahiya, shi ba mu damina mai albarka.